Goro, Koko da Yatsun Hunturu: Tarihin Neman Ɗumi a Cikin Ƙwaya

A garin Natick na jihar Masacusets a Amurka, rundunar sojan ƙasar tana da wata cibiyar bincike da aka kafa a 1961, wadda aikinta shi ne gano yadda zafi da sanyi da hawan manyan duwatsu ke taɓa jikin soja. A 'yan shekarun nan masanan cibiyar sun ɗauki wata tambaya da za ta ba manomin ƙasar Hausa mamaki: idan mutum ya yi kwanaki yana haɗiyar ƙwayar da aka tatso daga 'ya'yan koko, shin yatsunsa za su ƙara jure sanyi? Kokon da ake nufi shi ne na bishiya, wanda ake nomawa a Ondo da Gana ana yin cakulan da shi, ba na gero da ake sha da ƙosai ba.

Sojoji ne suka yi tambayar, amma matsalar ta shafi kowa. Duk wanda ya taɓa kwana a Sabuwa ko Faskari ko Ƙanƙara tsakanin Disamba da Janairu ya san abin da jaura ke yi wa hannu. Da asuba ma'aunin zafi kan sauka kusa da digiri 10, iska ta bushe ƙarau, fata ta tsage. Ɗan acaba ya kasa matse birki yadda ya saba, mai ban ruwa a lambu ya kasa kwance igiyar guga, mai cirar kaɗa ya ga yatsunsa sun ƙi haɗuwa. Neman maganin wannan hali a cikin ƙwaya ya haura shekara 100, kuma kafin labarin ya isa Natick sai da ya bi ta hannun fataken Hausawa.

Dalilin da yatsu ke sandarewa

Jikin ɗan Adam yana tsare zafin cikinsa a wajen digiri 37, domin zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta ba sa aiki daidai idan suka huce. Jini ne ke yawo da wannan zafi. A ƙarshen yatsu akwai wasu gajerun hanyoyin jini da ke aiki kamar tagogin ɗaki: idan jiki ya yi zafi sai a buɗe su zafin ya fita, idan sanyi ya taso sai ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiyoyi a tsuke su. Da an tsuke, jinin da ke isa yatsa sai ya ragu ƙwarai, yatsan ya huce, ruwan gaɓɓai ya yi kauri, saƙon jijiya ya yi nawa. Masana sun daɗe da auna cewa idan zafin fatar yatsa ya sauka ƙasa da kimanin digiri 15, aikin da ke bukatar natsuwar hannu, irin su zura zare a allura ko ɗaura ƙulli, yakan lalace sosai. Ke nan sandarewar yatsu dabara ce ta jiki. Maigida ne ya ga itacen wuta ya yi ƙaranci, ya bar zaure da sanyi don ya ɗumama ɗakin da yara ke kwana.

A 1930 wani likitan zuciya na Landan mai suna Thomas Lewis ya lura da wani abin ban mamaki. Idan aka tsoma yatsa cikin ruwan ƙanƙara, da farko yakan yi fari ya huce, amma bayan minti 5 zuwa 10 sai hanyoyin jinin su buɗe da kansu, yatsan ya yi ja ya ɗan ɗumama, sannan su sake tsukewa, haka dai bi da bi. Tun daga lokacin masu binciken sojoji ke kwaɗayin samun abin da zai sa wannan buɗewa ta zo da wuri kuma ta daɗe. Suna da dalili. Sanyi ya cinye rundunar Nafoliyon a hanyarta ta dawowa daga Mosko a 1812, kuma a ƙarshen 1950, a yaƙin Koriya, dubban sojoji sun rasa amfanin hannu da ƙafa a kewayen tafkin Chosin, inda sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Sojan da yatsansa ya sandare ba ya iya ɗura harsashi, balle ya ɗaure wa abokinsa rauni.

Hanyar Gwanja

Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da Turawa suka ɗora wa irin wannan buri goro ce. Tarihin Kano ya ambaci cewa a ƙarni na 15, zamanin Sarki Abdullahi Burja, aka buɗe hanya tsakanin Barno da Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Goro ba ya fita a ƙasar Hausa. Bishiyar daji ce mai son ruwa da inuwa, kuma nau'in da Hausawa suka fi so a dazuzzukan Asante yake. Don haka ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya yi wata biyu ko uku a hanya kafin ya isa kasuwar Salaga, a arewacin Gana ta yau, ya juyo da huhunan goro da aka naɗe a ganye ana yayyafa musu ruwa. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan wannan fatauci, ya nuna cewa a ƙarni na 19 zuriya uku ce ta fi riƙe shi: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Daga cikin Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya fara tara dukiyarsa a cinikin goro kafin gyaɗa.

Fatake da rani suke tafiya, wato cikin hunturu suke yin babban rabon hanyarsu, suna kwana a zango a fili. Sun san goro yana kore barci, yana danne yunwa, yana sa ƙafa ta yi sauƙi. Amma na ɗari, wuta suke hurawa su ja gwado. Sun bambance abin da ke wartsakar da mutum da abin da ke ɗumama shi.

Turawa kuwa da suka ji labarin mutanen da ke tafiyar kwanaki da ɗan abinci kaɗan suna tauna wani ɗan itace, sai suka kai shi ɗakin gwaji. A shekarun 1880 wani masani Bafaranshe a Marsai, Édouard Heckel, tare da abokin aikinsa Schlagdenhauffen, suka tantance sinadaran goro, Heckel ya shiga haɗa biskit da cakulan mai goro yana neman rundunar sojan Faransa ta mai da su guzurin soja. A 1886 John Pemberton ya haɗa Coca-Cola a Atlanta, rabin sunan daga goro ya samo asali. A Ingila kamfanin Burroughs Wellcome ya fito da wata ƙwaya mai suna Forced March, haɗin goro da ganyen da ake yin hodar iblis da shi, aka tallata ta a kan tana kashe yunwa tana ƙara juriya. Ayarin Ernest Shackleton ya tafi da ita ƙarshen kudancin duniya a tafiyarsa ta 1907 zuwa 1909, kuma sun haɗiye ta lokacin da guzuri ya ƙare musu a hanyar dawowa. Ta taimaka musu sun ci gaba da jan ƙafa, amma ba ta hana ƙanƙara cin fatarsu ba. Babban sinadarin goro, wato kafeyin, ƙwaƙwalwa yake zaburarwa, kuma idan ya taɓa hanyoyin jini to ɗan tsuke su yake yi. Shi ya sa likitoci kan shawarci masu ciwon da Maurice Raynaud ya bayyana a Faris a 1862, waɗanda yatsunsu ke yin fari fat da zarar sanyi ya taɓa su, su rage kafeyin su kuma bar taba.

Ɗan'uwan goro daga ƙetaren teku

Masana tsirrai sun sa goro da koko a dangi ɗaya, tare da auduga da kuɓewa da kuka. Asalin koko dazuzzukan Kudancin Amurka ne. Fotugis suka kai shi tsibiran Tekun Gini, daga nan ya ƙetaro. A Gana ana danganta yaɗuwarsa da wani maƙeri, Tetteh Quarshie, wanda ya dawo da irinsa daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong wajen 1879, kuma zuwa 1911 ƙasar ta zama ta farko a duniya wajen fitar da koko. A Nijeriya ya bazu daga Agege zuwa Badun da Ondo, har kuɗinsa ya gina Gidan Koko na Badun a 1965.

A daidai wannan zamani hanyar Gwanja ta mutu. Yaƙin basasar 1892 ya durƙusar da Salaga, jirgin ruwa ya riƙa kawo goro Ikko, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Manoman ƙasar Yarabawa suka karɓi irin goron Asante suka dasa, sau da yawa a gona ɗaya da koko, kuma har yau sunan da suke kiransa da shi daga kalmar Gwanja ya fito. Hausawa suka bi goro zuwa Shagamu da Sabon Badun, 'yan cin rani kuma suka shiga ƙwadago a gonakin koko. Cibiyar binciken koko ta Nijeriya da aka kafa a Badun a 1964 ita ce kuma aka ɗora wa binciken goro.

Goro da ɗanyen koko duka suna da baurin nan mai kama harshe, kuma baurin daga wasu sinadarai yake da ake kira filabanol, waɗanda fitaccensu shi ne efikatecin. Ana samun su a ganyen shayi da tuffa ma. Manomin koko kan tara ɗanyun 'ya'yan ya rufe da ganyen ayaba na kwana 5 zuwa 7 su ruɓa kaɗan, sannan ya shanya. Wannan ne ke fito da ƙamshin cakulan, kuma shi ne ke kashe kaso mai yawa na filabanol. Gasawa a masana'anta ta ƙara ragewa, sannan dabarar da ta samo asali daga gidan Van Houten na Holan a ƙarni na 19, ta jiƙa koko da sinadari mai kama da kanwa don a kashe baurin, ta tafi da mafi yawan abin da ya saura. Saboda haka garin koko mai sukari da mai shayi ke zubawa a kofi ya yi nisa da abin da masana ke gwadawa.

Yadda koko ya koma kafso

A 1980 Robert Furchgott ya gano cewa siririn rufin da ke cikin hanyoyin jini yana fitar da wani abu da ke sa su saki jiki su buɗe. Daga baya aka tabbatar iskar naitirik oksaid ce, kuma a 1998 aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a kan haka. A cikin shekarun 1990 wani likitan jami'ar Habad, Norman Hollenberg, ya lura cewa 'yan ƙabilar Kuna da ke zaune a tsibiran San Blas na ƙasar Fanama ba su cika samun hawan jini ba ko sun tsufa, alhali 'yan'uwansu da suka koma birni suna samu. Ya danganta hakan da yawan kokon da suke sha kullum. An yi ta muhawara a kan wannan fassara, domin mutanen tsibiri sun bambanta da na birni ta fuskoki da dama, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna filabanol na ƙara naitirik oksaid, kuma a 2006 aka nuna efikatecin shi kaɗai yana iya faɗaɗa jijiyar jinin damtse.

Kamfanonin cakulan ba su yi barci ba. Mars ya zuba kuɗi mai yawa a wannan bincike. A 2012, bisa roƙon kamfanin Barry Callebaut, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa miligiram 200 na filabanol a rana yana taimaka wa hanyoyin jini su riƙe taushinsu. Gwaji mafi girma shi ne COSMOS, wanda Howard Sesso da JoAnn Manson suka jagoranta a Boston: dattawa 21,442, rabinsu na shan miligiram 500 a rana, rabi na shan kafson da babu komai a ciki, na tsawon shekara 3 da rabi. Sakamakon ya fito a 2022. A babban abin da aka sa gaba, wato jimillar cututtukan zuciya da shanyewar jiki, an ga ragin kashi 10 cikin 100, wanda a ƙa'idar lissafi bai kai a tabbatar ba dace ba ne. Mutuwa ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da kashi 27 cikin 100, amma wannan ma'auni ne na gefe, shi ya sa masu binciken da kansu suka nemi a ƙara nazari. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kaya cewa garin koko mai yawan filabanol zai iya rage haɗarin ciwon zuciya, da sharaɗin a bayyana cewa hujjar ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Da aka kai shi cikin sanyi

Daga nan lissafin masanan Natick ya taso, kuma a takarda lissafi ne mai kyau: sanyi na tsuke hanyoyin jini, filabanol na buɗe su, to a haɗa su a gani. Suka ba matasa masu ƙoshin lafiya ƙwayar na wasu kwanaki, a wani zagayen kuma suka ba su ta bogi, sannan suka tsoma yatsunsu a ruwan sanyi suna auna buɗewar nan da Lewis ya bayyana. Abin da suka wallafa shi ne ƙwayar ba ta inganta ta ba.

Dalilin yana cikin tsarin jiki. Amfanin filabanol da aka auna a baya, galibi a babbar jijiyar damtse aka auna shi, mutum na kwance a ɗaki mai ɗumi. Tagogin yatsa kuwa umarninsu daga ƙwaƙwalwa yake zuwa kai-tsaye, kuma muddin ƙirji da ciki na ji a jikinsu cewa zafi na zurarewa, umarnin rufewa ya fi ƙarfin ɗan sassaucin da abinci zai kawo. Ko da an samu abin da zai buɗe su da ƙarfi, akwai farashi. Barasa na buɗe hanyoyin jinin fata, mashayi ya ji ɗumi, alhali zafin cikinsa ne ke tsiyayewa, shi ya sa a ƙasashen ƙanƙara ake tsintar gawar mashaya a bakin hanya.

Abin da ya yi aiki a gwaji wani abu ne daban. A ƙarshen shekarun 1990 masu binciken rundunar sojan Kanada a Toronto sun zaunar da mutane na sa'o'i a ɗakin da sanyinsa ya kai digiri 15 ƙasa da sifili, hannuwansu a buɗe babu safa, amma an sa musu rigar ciki mai ɗumama ƙirji da lantarki. Yatsunsu suka zauna da ɗumi. Da gangar jiki ta ƙoshi da zafi, ita da kanta ta saki jini zuwa hannu. Cibiyar Natick ma ta ƙera wata na'ura da ake ɗaurawa a sangalin hannu ta ɗumama jinin da ke gangarawa yatsu.

Abin da ƙasar kaɗa ta riga ta sani

Kudancin Katsina ya daɗe da sanin aikin yatsu a cikin ɗari. Ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, wadda masu masaƙun Mancesta suka kafa a 1902, ta mai da wannan yanki cibiyar audugar Arewa. Aka kafa injin gurza a Funtuwa, aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa ta ƙasar Faskari, layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Cirar kaɗa kuwa a tsakiyar hunturu take faɗowa, kuma aiki ne na ƙarshen yatsa, tsakanin busassun ƙwanso masu tsini. Hannuwan mata da yara da suka tsattsage a gonakin Sabuwa da Ɗandume su suka cika buhunan da aka auna a fuloti aka tura Ingila.

Dabarun da waɗannan mutane suka gada, idan aka ɗora su a kan abin da aka gano a Toronto, sun zauna daram. Ana jin wuta kafin a fita, a sha kunu mai zafi, a rufe ƙirji da kai da kunne, a jira hantsi ya ɗaga kafin a shiga aikin da ke bukatar yatsu. Ana ɗumama ruwan alwala, a goge hannu ya bushe, domin jiƙaƙƙen hannu a cikin iska ya fi saurin hucewa nesa ba kusa ba. Ana shafa man kaɗanya don fata kada ta tsage. Wani abin lura shi ne man kaɗanyar nan ma ya shiga kasuwar cakulan, domin tun 2000 dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa har kashi 5 cikin 100 na wasu mayukan itatuwa a cakulan, na kaɗanya na cikinsu. Ga ɗan acaba, wanda gudun babur ke ninka masa iska, rigar sanyi mai tare iska a ƙirji da safar hannu sun fi duk abin da zai tauna ko ya haɗiya.

Akwai kuma waɗanda sanyin hannu a wurinsu ya wuce rashin jin daɗi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma sanyi na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, domin idan hanyoyin jini suka tsuke ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe sun fi saurin maƙalewa. A jarirai, kumburin yatsun hannu da ƙafa mai zafi sau da yawa shi ne alamar farko. Irin wannan yaro ɗumi yake bukata da yawan shan ruwa da asibiti. Haka kuma a shekarun nan da rashin tsaro ya raba dubban mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da gidajensu, wasu sun yi hunturu a makarantu da kangwaye, inda tabarma da bargo da rufin da ke tare iska su ne magani na farko.

Kafsunan ƙarin abinci na ƙara yawa a shagunanmu da shafukan WhatsApp da Facebook, kuma da sanyi ya shigo sai alkawuransu su koma kan gudun jini da ɗumin jiki. Lambar NAFDAC a jikin irin wannan kaya tana nuna an yi masa rajista, amma sau da yawa a ƙasanta akwai ƙaramin rubutu da ke cewa hukumar ba ta tantance da'awar da aka yi ba. Filabanol na da ɗan matsayinsa a binciken lafiyar zuciyar dattawa, kuma ana ci gaba da auna shi. A kan ɗumama hannu kuwa, babu hukumar Turai ko ta Amurka da ta amince da wannan da'awa, kuma rundunar da ta fi kowa bukatar ta zama gaskiya ta gwada ba ta samu ba. Afirka ta Yamma ce ke noma kusan kashi 70 cikin 100 na kokon duniya, ta sayar da shi a buhu, a dawo mata da shi a kwalba da tsada. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi bargo da rigar sanyi a kasuwar Ɗandume, kuma su an riga an tabbatar da aikinsu.